Wa Zai Gaya wa Dada?

Na Allah ne mu, kuma duk inda muka zaga wurinSa za mu ƙare. Goggo Sista, yayar mahaifina, ta riga mu isa wata Talata da safe, a ɗakinta na Makama cikin garin Yola. Ta idar da sallar asuba, ta ce a ɗora mata ruwan shayi. Ruwan bai tafasa ba ta cika.

Kafin hantsi ya ɗaga tsakar gidan ya cika maƙil, har sai da aka ari tabarmi a makwabta. Tsofaffin nas-nas da suka yi aiki tare da ita sun zo cikin fararen hijabai, suka jeru jikin bango suna jan carbi. Mata sun zo daga Alkalawa, sun zo daga Jimeta, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wata mai sayar da kayan miya ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba, ta ɗora hannu a ka tana cewa da Hausarmu ta Yola, wadda ba ta damu da mace ko namiji ba, "Sista ya tafi kenan? Wayyo, yanzu wa zai riƙa faɗa mana abu?" Akwai kuma wata 'yar Barno. Ta nemi bakin ƙofar ɗakin Goggo ta zauna, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

Duk wanda ya gama yi mana gaisuwa, sai ya waiwaya hagu da dama ya yi tambaya ɗaya: "Dada fa? Ta iso?" Dada ita ce babbar yayarsu Goggo da Baba, tana zaune a Girei, tsallaken kogi. Mu kuma sai mu ce, "Za a je a ɗauko ta." Gaskiyar magana ita ce a lokacin babu wanda ya gaya mata ƙanwarta ta rasu. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Goggo, amma ba zan iya ba da labarinta in tsallake wannan tambayar ba, ko da yake duk lokacin da na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Goggo nas ce. Ta yi aiki a ɗakin tiyata har ta yi ritaya, shi ya sa kowa ke ce mata Sista, har limamin unguwa da ya girme ta. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa, don haka mu 'ya'yan ƙaninta mu muka sha tarbiyyarta, da daɗinta da zafinta. Daga asibiti ta fito da saurin tafiya da tsanar dogon farce, da kuma wata kalmar Turanci guda ɗaya da ta danne duk sauran Turancinta. Kalmar ita ce prepare.

Ni malamar firamare ce a Jimeta, na sha rubuta kalmar nan a allo. Ma'anarta shirya, in ce wa yara: a shirya abinci, a shirya wa jarrabawa, a shirya tafiya. Goggo ba ta taɓa musa mini wannan ba. Amma ta ce a ɗakin tiyata, in likita ya leƙo ya ce, "Sister, prepare her," ba kaya ake ɗaurewa ba, mutum ake nufi. A cire wa mara lafiya 'yan kunne da awarwaro, a tabbatar ba ta ci komai ba, a wanke wurin da za a yanka, a sa mata rigar asibiti. Bayan wannan kuma sai a tsaya dab da kanta, a gaya mata abin da za a yi mata ba ƙari ba ragi, tun tana da sauran sukunin yin addu'a. Goggo ta ce wannan na ƙarshen shi ne aikin, sauran duk share fage ne.

Na taɓa tsokanarta na ce, "Goggo, Hausa ta ƙare ne? Ki ce shirya mana."

Ta harare ni ta saman tabarau. "In na tsaya gaban tsohuwa na ce a shirya ta, me kike tsammani za ta ji? Likkafani za ta ji. Turancin nan yana ba ni damar in yi magana da ke a gabanta, gabanta bai faɗi ba."

Matan unguwa, da bakinsu bai iya kalmar ba, suka mai da ita firifiya. In an ce "a kira Sista ta yi mata firifiya," kowa ya san me ake nufi: an yi mutuwa, kuma akwai wadda ba ta sani ba tukuna.

A shekarun da mutanen Madagali da Michika da Mubi, da na Gwoza da Bama, suka kwararo Yola da abin da suka iya ɗauka, aikin nan ya zama kusan sana'arta. Kowane gida ya yi baƙi. Mutane sun bar 'yan'uwa a baya, labari kuma ta waya yake zuwa, kuma ba kasafai yake faɗawa hannun mai shi ba. Sai a kira mai shago, ko mai Keke, ko duk wanda Allah Ya sa wayarsa ke da caji, a ce masa ka gaya wa wance mijinta ya rasu. Shi kuma ya rasa ta inda zai fara, ya garzayo Makama. Lokacin na samu 'yar ƙaramar mota, sai na zama direbar Goggo. In na taso daga makaranta na tarar da ita a ƙofar gida da jakarta a hammata, na san ba gida zan wuce ba.

Zuwan da ban mantawa shi ne na 'yar Barnon nan da na ce ta zauna bakin ƙofa. Tana zaune ne a wani gida a Alkalawa, mijinta malamin allo ne, ya koma garinsu ya ɗauko mahaifiyarsa, aka tare su a hanya. Mun same ta tana yankan kuɓewa, da goyo a baya, ga mai a kan wuta. Goggo ta yi sallama da fara'a daidai gwargwado, ta ce, "Kawo wuƙar nan in taya ki, 'yata." Ta karɓa, ta miƙo mini ta baya ba tare da ta waiwaya ba. Ta ce a kwanto mata yaron ta ga girman da ya yi, ta yi masa wasa, ta ba matar gidan. Ta yi wa wata ido ta sauke man. Sannan ta ce gwiwarta na ciwo, a zo a zauna a tabarma. Ta sa aka kawo ruwa, ta ce matar ta fara sha. Duk wannan bai kai tsawon gaisuwa ba.

Sai ta kama hannunta, daidai inda ake jin bugun jini, ta ce, "Labari na kawo miki, kuma ba mai daɗi ba ne. Malam ne. Allah Ya yi masa rasuwa jiya a hanya."

Haka kawai. Ba ta ce jikinsa ya yi tsanani ba, ba ta ce yana asibiti ba. Matar ta zabura za ta yi waje, Goggo ta riƙe ta, tana maimaita mata salati a hankali har ta kama. Muka zauna. Can matar ta ɗago ta ce, "An binne shi?" Goggo ta ce an binne shi, mutanen wani ƙauye ne suka yi masa sutura, an sallace shi, tsohuwar kuma tana raye tana hannunsu. Ashe kafin mu taso sai da ta sa aka sake kiran mai wayar, ta tatse shi tas. Ba ta zuwa gidan kowa sai ta san amsar tambayar da za ta biyo baya.

A hanyar dawowa ta ce in tsaya. Ta fita ta yi amai a gindin wata dalbejiya, ta kuskure baki da ruwan leda, ta dawo ta zauna. Na buɗe baki zan yi mata sannu, ta riga ni: "Ke kuma wannan tuƙin naki, kamar mai tallan awara. Taka mota mu tafi." Ranar na san abin yana cin ta, ba ta dai yarda a gani ne.

Aikin ya ja mata abin da ba ta nema ba. Mutane suka fara tsoron ganinta. In ta doso layi da saurin nan nata, sai ka ga mata suna leƙe ta katanga suna lissafin 'yan'uwansu da ke nesa. Wata rana ta shiga gidan wata ƙawarta aron turmi, matar tana ganinta ta saki kwano ta fasa kuka. Tun daga nan Goggo ta ɗauki wata al'ada: tun daga zaure za ta ɗaga murya, "Lafiya lau! Babu wanda ya mutu! Gaisuwa na zo!" Mu mukan yi dariya har da riƙe ciki, ita ma takan taya mu. Amma na lura an rage gayyatarta biki. Sai dai a aiko mata da abinci a kwano mai kyau, a ce an san ba ta son hayaniya. Ta taɓa buɗe irin wannan kwanon ta daɗe tana kallo, ta ce, "Sun mai da ni mujiya." Ta rufe, ta ba yara.

Ba waliyyiya ba ce, kuma ba za ta so in ce ita ce ba. Tana da faɗa, kuma in ta yi faɗa ba ta duba wa ke wurin. Mafi girman rigimar da na gani tsakaninta da Baba ce. Akwai wani dattijo ɗan gudun hijira da Baba ya ba ɗakin zaure. Labari ya zo cewa ɗansa, wanda ya tsaya tsaron shagonsu a can, ya rasu. Baba mutum ne mai taushin zuciya, ya kasa faɗa. Kullum dattijon ya tambaya, sai ya ce layin waya ne babu a can. Aka kwana, aka sake kwana, aka yi ta kwana. Da Goggo ta ji, ko mayafi ba ta gyara ba ta iso gidanmu.

Baba ya tare ta a tsakar gida yana ƙasa da murya. "Adda, ki yi haƙuri, preparing ɗinsa nake yi."

"Kai dai kanka kake lallashi," in ji ta, a gabanmu, a gaban Inna mahaifiyarmu. "Mutum yana cin tuwonka yana yi wa gawa addu'ar dawowa lafiya, kai kana amsa masa da amin! Kada ka ƙara ɗaukar kalmata ka rufe tsoronka da ita. Aiki ne na tsakanin sallama da zama. In ya kwana, ya zama ƙarya."

Ta wuce zaure ta yi abin da ta zo yi. Dattijon ya yi mata godiya, bai ce wa Baba komai ba, washegari ya tattara buhunsa ya koma wurin wani ɗan garinsu. Baba da Goggo ba su ƙara magana ba sai da Sallah ta zo, shi ma Dada ce ta aiko ta ce in ba su shirya ba kada ɗayansu ya tako mata gida.

Dada ce kaɗai ke iya yi musu haka. Mahaifiyarsu ta rasu suna ƙanana, ita ta goya su, shi ya sa muka taso muka ji ana ce mata Dada, wato uwa, muka bi. Yanzu ta tsufa ƙwarai. Idonta ya yi rauni, tana da hawan jini, tana zaune a Girei tare da jikanta da matarsa. Duk Juma'a Goggo takan tsallaka gada da abin awon jini a jaka, su yi ta rigima kan gishiri da man shanu. Goggo ta ce an hana, Dada ta ce wanda ya hana ya zo ya ci miyar da kansa. A can ne kaɗai na ga Goggo ta zama ƙarama. Dada takan ce ɗaurin ɗankwalinta ya karkace, ta ce ta cika surutu, Goggo ta sunkuyar da kai tana murmushi. Gidan Dada ne kaɗai Goggo ke shiga ba ta yi shelar cewa babu wanda ya mutu ba.

Allah Ya jiƙan Goggo. Yadda ta zaunar da bayinSa kafin ta ɗora musu nauyi, Shi ma Ya karɓe ta da sauƙi, Ya yalwata mata makwanci. Wannan ita ce matar da muka rasa ranar Talatar nan. Saura abin da muka yi.

Da safen, bayan an rufe ta da zane, mu uku muka keɓe a zaure: ni da Baba da Hamma, wato babban wana. Baba yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Dada ba za ta ɗauka ba. In ta ji, gawa biyu za mu yi." Hamma ya ce gaskiya ne, jininta ba shi da tabbas, ba za a faɗa mata haka kai tsaye ba, sai an yi preparing ɗinta. Kalmar ta fito daga bakinsa sumul. Sai duk suka juyo suka dube ni, don ni ce na yi shekaru ina bin Goggo gida-gida.

Na ce to. Na ce bari in ga an kawo tabarmi tukuna.

Aka kawo tabarmi. Sai na ce bari in kira 'yan'uwa na nesa. Na kira Mubi, na kira Gombe, na kira Abuja, kowa na gaya masa ba tare da muryata ta sarƙe ba. Sai masu gaisuwa suka yi yawa, na ce ba daidai ba ne a shigo a rasa 'yar gida. Mukullin mota yana ɗaure a bakin zanena, ina jin nauyinsa duk inda na juya. Hamma ya wuce wurin masu haƙa kabari. Baba yana waje cikin maza, yana ɗauka na tafi. Da ya leƙo ya gan ni, bai ce kin dawo ba, bai ce ba ki tafi ba. Ya kawar da kai, ni ma na kawar.

Ba Dada nake tausayi ba, yanzu na sani. Bakina ne ba ya son furta maganar a gabanta. In na gaya wa na Abuja, labari ne. In na gaya wa Dada, to Goggo ta mutu da gaske.

Tsofaffin abokan aikinta biyu da matar liman suka yi mata wanka. Aka ce a jinkirta jana'iza zuwa bayan Azahar saboda 'yan'uwan da suka taso daga Mubi. Ku duba wannan: mun jira mutanen Mubi, ga Girei nan tsallaken gada. Wani cikin maza ya ce ai gara ma a bari sai an dawo daga maƙabarta, kada tsohuwa ta ce lallai sai ta zo, a wahalar da ita a zafin nan. Maganar ta yi wa kowa daɗi, muka rungume ta kamar hikima.

Da aka fito da makara, mata suka miƙe ana salati. 'Yar Barnon nan ta matso kusa da ni, karon farko da ta yi magana tun safe. Ta ce, "Yayarta ba ta zo ta gan ta ba?"

Na ce, "Jikinta ne." Ta dube ni, ta dubi makarar da ke fita, ta koma ta zauna.

Sai bayan La'asar, da maza suka dawo da jar ƙasa a ƙafafunsu, Baba ya kira ni gefe ya ce, "Je ki." Ban sami sauran abin fakewa ba. Na tsallaka gadar Binuwai ina bitar abin da na ga Goggo na yi: in duba abin da ke hannunta, in sa ta sauko ƙasa, in nemi ruwa, in faɗa sau ɗaya ba kwana-kwana. Har da tanadin amsoshi na yi. In ta ce yaushe, in ce da asuba. In ta ce ta sha wuya, in ce ko kaɗan.

Matar jikanta ce ta tare ni a ƙofa. Idonta jawur. Ba ta amsa sallamata da baki ba, ta dai matsa mini hanya.

Dada tana zaune a kan kujera a bakin ɗakinta, ta fuskanci ƙofar shigowa. Tana sanye da atamfarta ta zuwa unguwa, ta yafa babban mayafi, da takalmi a ƙafarta. A cinyarta akwai baƙar leda, ta dafe ta da hannu biyu. Na durƙusa na fara gaisuwa, duk abin da na bita a hanya ya watse.

Ba ta bari na gama ba. Da Fulatanci ta yi magana, kamar kullum in abu ya kai zuciya. "Kun zo," ta ce. "Motar tana waje?" Ta dafa hannun kujera za ta miƙe.

Na ce, "Dada." Na sake cewa, "Dada." Sannan na ce, "An riga an kai ta."

Ta tsaya a haka, ba a zaune ba, ba a tsaye ba. Sannan ta koma ta zauna a hankali.

Matar jikan ce ta ba ni labari, tana magana tana shessheƙa. Tun da hantsi wata makwabciya ta shigo yi wa Dada gaisuwa, don ta ga hoton Goggo a waya, ɗan Hamma ya ɗora da addu'a a ƙasa. Dada ba ta faɗi ba, ba ta suma ba, jininta bai yi komai ba. Ta yi salati, ta ce, "Na ji." Ta aiki matar jikan ta tsinko ganyen magarya a bayan gida, irin wanda ake sawa a ruwan wankan gawa. Ta sa aka buɗe akwati aka ɗauko sabon sabulu da kafur. Ta yi wanka, ta sa kaya, ta fito ta zauna. Matar ta ce bari ta kira Yola, Dada ta hana, ta ce ba a damun masu gawa, suna hanya. Matar ta faki idon Dada ta kira Hamma duk da haka, bai ɗauka ba. A nan Dada ta yi Azahar, a nan ta yi La'asar, tana idarwa sai ta ce a mayar mata da takalmi. Ko ruwa ba ta yarda ta sha da yawa ba, wai kada mota ta zo tana bayi.

Na kasa ɗaga kai. Ina kallon ƙasa na ji muryar Dada, babu faɗa a ciki, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Ta gaya mini tun kafin azumi," ta ce. "Ta zo ita kaɗai a Keke, ba ta so ki kawo ta. Ta ce zuciyarta ta gaji, likita ya gani, ita ma ta gani. Na yi kukana a lokacin, tana riƙe da ni. Abu ɗaya na roƙe ta. Na ce ni na yi ta yi miki wanka tun ba ki san kanki ba, in kin riga ni, a bar ni in zuba miki ruwan ƙarshe." Ta shafa ledar. "Na ce ko za ki gaya wa yaran, kada su manta da ni. Ta yi dariya. Ta ce, Dada, wannan ba sai an faɗa ba. Kafin a ɗora ruwa za su zo su ɗauke ki. Ni na koya musu."

Kukan da ban yi ba tun safe ya ƙwace mini. Na so in ce mun ji tsoron jininki ne, na so in ce baƙi ne suka yi yawa. Na ji kalmomin a bakina, na haɗiye su, don ko ni ban yarda da su ba.

"Wa ya yi mata wankan?" in ji Dada.

Na gaya mata.

"Sun san aiki," ta ce. "Allah Ya biya su." Ta kwance bakin ledar ta sa hannu ta taɓa ganyen. Ya riga ya yi yaushi. Ta ɗaure, ta miƙa wa matar jikanta ba tare da ta ce a yi kaza da shi ba. Ta zame mayafin daga kanta, ta ninke shi a cinya, ta daidaita gefe da gefe.

Sannan ta miƙo ƙafa wajena. "Cire mini takalmin nan," ta ce. "Tun safe yake matse ni."

Na matsa na kama. Ƙafar ta kumbura, sai da na ja da ƙarfi kafin ya fita, kuma ya bar shatarsa a fatarta.